Wutar Gidan Mushe Agali

Tun da na dawo daga arewa, ba na fitowa daga masallacin unguwarmu ko in zauna a fadar shayi ta bayan biro, wato ofishinmu, sai wani ya ja hannun rigata ya ce, "Mushe Issufu, yaya ka baro daji?" Mushe dai haka ake kiran malamin makaranta ko ma'aikaci a wajenmu. Wasu don tausayi suke tambaya, domin sun san wanda na je gani. Wasu kuwa labarin raƙuma da cuku suke so. Na gaji da ba da amsa guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa ya tafi ya ƙara masa abin da ban faɗa ba. Aikina adana takardu ne a wani biro na nan Tahoua, kuma na san irin ɓarnar da labari ke yi idan aka bar shi yana yawo a baki. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda abin ya gudana.

Wanda na je wurinsa sunansa Agali, abokina tun muna karatu a Yamai, inda muka koyi lissafi da aikin ordinater, wato kwamfuta, tare. Ni na dawo gida na shiga takardu. Shi aka tura shi koyarwa a wani ƙauye arewa da Takanamat, ya zauna, ya yi aure, bai taɓa neman a dawo da shi gari ba. Alƙali yake kirana tun wancan zamani, wai ba na iya ganin abu a karkace in wuce ban yanke masa hukunci ba.

A lakwal ɗinsa, makarantar da yake koyarwa, akwai wasu tsofaffin ordinatoci da aka ba su kyauta, waɗanda suka yi rauni har ba sa iya ɗaukar sistem na zamani, wato babban tsarin da ke tafiyar da na'ura tun daga kunnawa. Maimakon ya bar kaji su riƙa kwana a kansu, sai Agali ya shafe shekaru yana rubuta nasa ƙaramin sistem, marar nauyi, mai magana da Hausa da Tamashek, harshen mutanen wurin. Abu ɗaya ya rage masa, shi ne tafinta. Haka yake kiran abin da muka koya da sunan kompilater, manhajar da ke juya abin da mutum ya rubuta zuwa harshen da na'ura ke ganewa. Akwai irin wannan tafinta da kowa ke iya ɗauka kyauta, amma bai san sistem ɗin Agali ba. Dole a zauna a gabatar masa da shi: sunansa, inda yake ajiye kayansa, abin da ya iya da abin da bai iya ba. Bayan haka sai a sa tafintan ya gina kansa da kansa a cikin sabon gidan. Ranar da ya yi haka, ɗalibai za su iya rubuta nasu aikin a ƙauyensu, ko malaminsu yana nan ko ba ya nan.

A tsakiyar damina matarsa Zeinabu ta kira ni a salula, muryarta tana yankewa saboda iska. Ta ce ciwon hanta ya kwantar da shi, majon ƙauyen, wato ma'aikacin jinyarsu, ya ce a gaggauta kai shi babbar likita, asibitin gari ke nan, shi kuma ya ƙi. "Ya ce ba shi tahiya sai ya ga abin nan ya gama da idonai. Da ƙyar munka samu ya yarda da motar kasuwa mai zuwa. Don Allah, yaya Issufu, ka zo ka kama mishi." Na nemi konje, wato hutu daga aiki, aka ba ni.

Motar da na samu a tasha tsohuwar kat-kat ce mai buɗaɗɗen baya, direbanta wani dogo mai yawan raha da ake kira Ɗan Bambeye. An yi mana lodi a kan buhunan gishiri da jarkokin mai. Da na nuna masa cewa yawanmu ya wuce abin da doka ta yarda, sai ya dube ni daga hula har takalmi ya ce, "Mushe, in kana son kujera kai kaɗai, ga jakin ƙanena can, shi ma arewa za shi." Duk motar ta yi dariya. Na hau.

A shingen fita gari jandarma ya nemi katin shaida. Na miƙa masa nawa, na haɗa da takardar konje, da ta haihuwa, da ta allurar rigakafi. Ya juya su yana murmushi, ya ce da kowa haka yake da ya huta. Sannan ya rage murya ya ce mana kada mu bari magariba ta same mu a hanya. Daga nan raha ta ragu a motar.

Inda muka sha wuya shi ne wani kori, kwarin rafi mai yashi, da ruwa ya sauka a cikinsa da safe. Motar ta shiga ta nutse har gindi. Kowa ya sauka, maza suna turawa, mata suna jan rassan ƙaya ana sa wa ƙafafun motar. Ni ma na naɗe wando na shiga, laka ta riƙe takalmina na dama, na ciro ƙafa babu shi. Na daɗe ina lalube. Wata mai sayar da albasa da ke kusa da ni, ana ce mata Hajiya Rabi, ta ciro silifa daga ƙunshinta, ja mai fure a sama, ta ce, "Sa wanga, ɗana. Ƙaya ba ta san mushe ba." Na so in ƙi. Da na dubi ƙasar da ke gabana sai na karɓa na yi godiya.

Bayan Takanamat gonakin hatsi suka fara tsinkewa, a ga ɗaya nan, a yi tafiya kafin a ga wata, har suka ƙare. Babu shinge a wurin, babu tuta, amma iyaka ce, kuma kowa a motar ya san ita ce. Daga nan sai ciyawa sabuwa da garkunan da suka hauro daga kudu. A wurin ne ma rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke daga salulata.

Na sami Agali kwance a rumfar ƙofar ɗakinsa. Da ban ji muryarsa ba da ban gane shi ba. Idanunsa sun yi rawaya, cikinsa ya kumbura, hannayensa sun zama kamar kara. Ya dube ni, ya sauke ido kan ƙafafuna, sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi.

"Alƙali! Wace baiwar Allah kab bari ba takalmi?"

"Ka bar wannan. Yaya jikin?"

"Jiki shina nan inda kag gane shi. Zamna, a yi shayi."

Na ce mu fara duba aikin, tunda rana tana tafiya. Ya ce a nan ba a yin haka. Wannan ne farkon abin da ya bambanta mutanen wurin da mu. A Tahoua baƙo yakan faɗi abin da ya kawo shi tun bai gama zama ba. A can sai an yi gaisuwa mai tsawo, ana shafa tafin hannu ana sakewa, a tambayi gajiya da ruwa da dabbobi, sannan a dafa shayi har sau uku, kuma wanda ya tashi kafin na ƙarshe ya ci mutuncin mai gida. Na ga dattijo yana kai kofi ƙarƙashin rawaninsa don kada a ga bakinsa. Abinci kuwa fura ce da nonon da aka tatso da safe, da cuku busasshe da ake jiƙawa a shayi, da dare tuwon hatsi. Ban taɓa shan nono mai daɗin wannan ba, kuma ban taɓa cin abinci da baƙin ciki irin na kwanakin nan ba. Masaukina ajin lakwal ne, tunda ɗalibai suna hutu. Na haɗa bencina na shimfiɗa tabarma, awaki suna leƙowa ta taga.

Washegari muka fara. An kawo ordinater ɗaya rumfar, aka ɗora a kan turmi da aka kife, yadda zai iya ganin allon daga kwance. Wutar daga pano ɗaya take, farantin da ke zuƙar hasken rana a kan rufin ɗaki, zuwa batir, zuwa wani ɗan akwati mai ramin fulogi guda, wanda aka sa wa doguwar waya mai ramuka da yawa. Shi yana faɗa, ni ina bugawa. Da farko tafintan ya tsaya ya ce bai san wannan sistem ba. Muka rubuta masa sunan a inda ake jera sunayen waɗanda ya sani. Ya wuce, ya sake tsayawa, yana neman kayan aikinsa a wurin da sauran sistem ke ajiye su. Muka nuna masa inda Agali ya ajiye nasa. Can kuma ya ɗauka na'urar tana iya yin ayyuka da yawa a lokaci ɗaya, alhali ɗaya bayan ɗaya take yi. Na gano wurin na kashe wannan zaton. Agali ya ce, "Ashe takardu ba su cinye ma kai duka ba." Kafin azahar saitin ya kammala, ginin ya fara, rubutu yana gangarowa a allo.

A nan ne na gane ainihin matsalar, kuma ba a cikin na'ura take ba. Ginin yana bukatar kusan yini guda ba tare da wuta ta yanke ba. Sistem ɗin kuma bai riga ya iya ajiye aikin da ba a gama ba, saboda haka idan wuta ta ɗauke, komai ya tafi, sai a koma farko. Gidan Agali kuwa shi ne kaɗai wurin da ake samun wuta a ƙauyen da rugagen da ke kewaye. Tun hantsi mutane ke shigowa, su gaishe da marar lafiya, su ciro salula daga aljihu, su soka a doguwar wayar nan, babu mai tambaya. Makiyayi ɗaya ya zo da na dukan rugarsu a cikin jakar fata. Kafin la'asar akwatin ya yi ƙara, allon ya mutu.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa a Tahoua mai shago ne ke wannan aiki, kuma kowa ya san ƙa'idarsa. Na ce a rubuta sanarwa a ƙofa, a dakatar da mutane har mu gama.

"Wa za ya karanta ta?" in ji shi. "Kuma Alƙali, tun da niz zo garin ga ban taɓa sayen nono ba. Ban taɓa ɗebo ruwa da hannuna ba. Mutumin da ya aiko ma da ƙwarya cike da nono da sahe, da wane baki za ka ce mishi ya cire wayatai da rana?"

"To a ɗauki na'urar a kai Tahoua, a gina a can a dawo da ita."

"In ba ta ginu da ranag ga ba, ranad da ta lalace wa za ya kai ta Tahoua? Ni?"

Ban yarda ba, kuma har yanzu ban ce na yarda ba.

Kwanan da ya biyo hadari ya taso tun da safe. Gari ya ɗauki murna, mata suna guɗa, ana fitar da tukwane. Ni kaɗai na tsaya ina harar sama, sannan na ji kunyar kaina na nemi gafarar Ubangiji. Ranar batir bai cika ba balle a yi maganar aiki. Na je wurin majo in roƙi aron batirin firjin magani. Ya nuna mini cewa firjin ba shi da batir, kai tsaye yake sha daga rana, kuma shi kansa a gidan Agali yake sa tasa salular. Daga nan aka kai ni wurin mai injin niƙa, wanda ke da wani ƙaramin gurup, wato janareto, da ya daɗe bai tashi ba. Muka tsiyayo isansi, wato fetur, daga babur ɗin wani, aka ja igiya har ya kama. Wutarsa tana hawa tana sauka kamar numfashin mai gudu. Allah ya sa na fara gwadawa da doguwar wayar kaɗai. Ta yi tartsatsi, ta narke, wari ya cika gidan.

Na tsaya riƙe da ita, ina jiran faɗa. Faɗan bai zo ba, sai dai Zeinabu ta ce Allah ya tsare gaba. Amma daga ranar ramin fulogi ɗaya ya rage a duk ƙauyen. Idan ordinater na ciki, babu wurin salula. Mutane suka zo, suka gani da idonsu, suka mayar da wayoyinsu aljihu, suka sha shayi suka tafi. Ba zan ɓoye ba, na ji sauƙi a raina. Abin da na kasa samu da sanarwa ya samu da kansa. Tawa salular ma na bar ta ta mutu, domin ban ga dalilin da zan yi wa kaina abin da aka hana wasu ba.

Sai dai gajimare bai ba mu hanya ba, rana tana fitowa tana komawa, muna farawa yana mutuwa, har ya rage jajibirin kasuwa. Jikin Agali kuma yana ta sauka. Ya daina shan fura, sai ruwa. Wani lokaci yakan kira ni da sunan wani ɗalibinsa.

Ranar jajibirin gari ya waye tas. Na goge pano da rigata, na jira rana ta ɗaga, na kunna. Ginin ya wuce inda ya saba mutuwa. Ya gama zagaye na farko, sabon tafintan ya fito, ya fara gina kansa da kansa, wanda shi ne abin da muke nema. Agali ya sa aka tayar da shi aka jingina shi da buhu. Ranar hankalinsa garau yake. Yana karanta sunayen da ke gangarowa yana gyaɗa kai, kamar mai jin ana kiran ɗalibansa suna amsawa. Bayan azahar ya ce, "Alƙali, ko dai yau ta?" Na ce kada ya yi magana, ya bar ta ta yi.

Ana gab da la'asar wata tsohuwa ta yi sallama. Baƙin mayafi ne a jikinta, ƙafafunta sun yi fari da tafiya. Ba ta jin Hausa sosai, Zeinabu ce ke juya mana maganarta. Daga wata ruga mai nisa ta taso tun asuba. Ɗanta ya tafi ci-rani Libiya, an daɗe ba a ji shi ba, har aka fara cewa motarsu ta lalace a hamada. Sai wani da ya dawo ya ce ya gan shi, kuma ya ce a gaya wa uwarsa ta hau tudu ranar jajibirin kasuwa bayan la'asar, zai ari waya ya kira. Lambarta kaɗai ya haddace. Ta kwance bakin mayafinta ta ciro wata ƙaramar salula da aka ɗaure da roba. A mace take.

Na ce a cire katinta a sa a wata wayar. Zeinabu ta ce tun da doguwar waya ta ƙone babu mai sauran wuta a gidajen da ta sani. Na ce zan bi gari da kaina in nemo, ba za a rasa ɗaya ba. Na ce ko ta jira kaɗan, abin ya kusa. Na faɗi haka da ƙarfi, da Faransanci, don kada tsohuwar ta gane.

Agali ya amsa mini da Hausa. "Kusa nawa?"

"Ban sani ba. Kafin magariba, in Allah ya so."

"Sannan batir ya mutu, rana ta hwaɗi." Ya kalli allon. "Kana son tsohuwa ta zamna tana kallon wuta a gidana, kai kana yawo kana roƙon ta gidan wasu?"

"Agali, shekarunka ne a cikin abin nan. Gobe mota za ta zo."

"Na sani. Ni na rubuta shi." Ya ɗaga hannu da ƙyar ya nuna akwatin. "Cire."

Na ce ba zan cire ba. A rayuwata ban taɓa yi masa tsawa ba sai ranar. Na ce wannan ba adalci ba ne, ba a gare shi ba, ba ga ɗaliban da za su dawo su tarar da babu komai ba. Ya bar ni na gama. Sannan ya dubi matarsa ya kira sunanta a hankali. Zeinabu ta tashi, hawaye na zuba, ta durƙusa ta zare fulogin. Allon ya yi baƙi. Ta soka wayar tsohuwar, ta koma ɗaki.

Tsohuwar ba ta san abin da ya faru ba. Ta zauna tana sa albarka, Agali yana amsa mata da harshenta, har yana tsokanarta tana rufe baki. Da wayar ta ɗan samu, ta karɓa ta nufi tudun yashi da ke gabas da gari, inda nan kaɗai ake samun rezo. Na bi ta daga nesa, domin ba na iya zama a rumfar. Ta hau ta zauna, ta riƙe wayar da hannu biyu a saitin fuskarta. Na tsaya a ƙasa har aka kira magariba. Wayar ba ta yi ƙara ba. Ta sauko ta wuce ni, ta kama hanyar rugarsu.

Da safe Ɗan Bambeye ya zo. Da ya ga wanda za a ɗauka, bai yi raha ko ɗaya ba. Ya sauke buhuna da kansa, aka shimfiɗa katifa a baya. Na nemi izinin shugaban iyayen ɗalibai na ɗauki ordinater ɗin, na rungume shi a cinyata har Tahoua. Agali bai san na ɗauko ba, barci yake ta yi, kansa a kan ƙafar Zeinabu.

Aka ba shi gado a likita. Ni kuma na kai na'urar ɗakina na soka a bango, na kunna da safe na tafi wurinsa. Da na dawo da yamma na tarar ta gama. Babu kuskure ko ɗaya. Saitin da muka yi a kan turmi daidai yake tun ranar farko. Na rubuta ɗan gajeren aiki na gwada, tafintan ya juya shi, gaisuwa ta fito a allo da Hausa. Na koma likita da sauri, ko ƙofa ban kulle ba.

Na same shi ido rufe. Na durƙusa kusa da kunnensa na ce, "Agali, ya ginu. Ya gina kansa, na gwada, yana aiki."

Ya motsa baki da ƙyar. "Ina?"

"A ɗakina."

"Wutag gari."

"I."

"To, da saura, Alƙali." Ya ja numfashi. Na ɗauka ya koma barci, sai ya ce, "Ɗan tsohuwan nan, ya kira?"

Zeinabu tana bayansa, ta dube ni tana gyaɗa mini kai, tana roƙona da ido. Na gane abin da take so in ce. Na riƙe hannunsa, na buɗe baki, kuma abin da ya fito shi ne, "Ban ji ya kira ba."

Ya ce, "Allah shi sa rashin rezo na." Ya juya fuskarsa wajen bango.

Bai sake magana da ni ba. Ranar Juma'a muka kai shi makwancinsa, a nan Tahoua, nesa da ɗalibansa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.